Karatun Asuba a Zamanin Korona: Ayar da Ba Kai Ka Zaɓa Ba

Ran 24 ga Maris, 2020, aka ba da sanarwar cewa Gwamnan Bauchi, Bala Mohammed, ya kamu da korona. Kafin nan mutanen gari suna ɗaukar cutar abin Sin da Italiya ce, in ta matso ƙwarai a ce Legas. Daga ranar hira ta canza a kasuwannin Wunti da Muda Lawal. Makarantu a rufe, kasuwa rabi da rabi, daga bisani aka hana taruwa a masallatai da majami'u, ba a kuwa ɗage hanin ba sai gab da ƙaramar Sallah, a ƙarshen Mayu. Cikin wannan tsakani ne labarin yawan mace-mace a Azare ya tayar da hankalin jiha, har aka kulle Katagum da Giade da Zaki.

An sha magana kan abin da kullen ya yi wa ɗan kasuwa da ɗan makaranta. Mai ibada fa, da aka rufe masa ƙofar wurin ibada, yaya ya yi da safiyarsa? Zan ɗauki rukuni ɗaya ƙarami a garin Bauchi, wato Kiristoci mabiya ɗarikar Lutheran, domin suna da wata al'ada da ta cancanci Kirista da Musulmi duka su san ta.

Lutheran ba su ne masu yawa ba ko a cikin Kiristocin Bauchi, inda COCIN da ECWA suka fi kafuwa. Tushensu yana Numan ta Adamawa, inda wani likita ɗan ƙasar Danmak, Niels Bronnum, ya sauka a 1913. Daga can ikilisiyar da yau ake kira LCCN ta yaɗu cikin Bachama da Lunguda da Mbula da Camba. Aikin gwamnati da bariki da karatu a jami'ar ATBU ko Kwalejin Kimiyya ta Tarayya ne suka kawo yawancinsu Bauchi, kuma Hausa ce ke haɗa su a sujada, da Littafi Mai Tsarki wanda aka fara buga shi cikakke da Hausa a 1932. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, lokacin da korona ta zo, shugaban Tarayyar Lutheran ta Duniya ɗan Najeriya ne, Akbishop Musa Panti Filibus na LCCN, wanda aka zaɓa a Namibiya a 2017.

Al'adar da nake nufi ita ce karatun kullum a gida. Martin Luther, malamin Jamus da ɗarikar ta ɗauki sunansa, ya rubuta ɗan littafin koyarwa a 1529, Ƙaramin Katekizim, kuma maigida ya yi wa shi, don ya koyar da iyalinsa. A ciki har da tsarin safe da dare: a tashi, a faɗi shaidar bangaskiya da Addu'ar Ubangiji, a yi godiya, a rera waƙa, kowa ya kama aikinsa. Saboda haka da aka rufe majami'a, gidan da ya riƙe wannan bai rasa inda zai sa ƙafa ba. Abin da ya ƙaru kawai shi ne wayar hannu. Fasto ya naɗi muryarsa ta minti biyar ko shida, ya tura ta WhatsApp tun da asuba, mai babbar waya ya ƙara sauti don maƙwabci ya ji ta kan katanga.

Yadda ake bimbini a kan nassin ma yana da hanya. A 1535 wanzamin Luther, wani mai suna Peter, ya tambaye shi yadda mutum zai yi addu'a hankalinsa bai tafi yawo ba. Ya rubuta masa cewa ya ɗauki aya ɗaya ya murza ta sau huɗu: me take koya mini, me zan gode saboda ita, wane laifi nawa ta tono, me zan roƙa. Shi ke nan. Ba ta bukatar digiri, shi ya sa ta yi ƙarko.

Amma abin da ya fi ja mini hankali shi ne jadawali. Ikilisiyoyi irin na Lutheran suna bin kalandar karatu da aka tsara tun kafin shekara ta kama, kowace Lahadi da nata, sannan littattafan karatun kullum suna raba sauran ranaku. Wasu gidajen suna amfani da na wata ikilisiya ma, kamar Abincin Yini na ECWA. Ma'anar wannan ita ce mai karatu ba ya zaɓar ayar da zai karanta. Ita ke zuwa ta same shi, ko yana so ko ba ya so.

Duk wanda ya zauna cikin Kiristoci a 2020 ya san babu abin da aka fi turawa a waya kamar Zabura 91. Tana maganar kariyar Allah daga annoba, da cewa dubbai za su faɗi kusa da mutum shi ko ƙwarzane bai samu ba. An manna ta a ƙofa, an sa ta a gilashin mota. Zabura ce mai kyau, babu mai musu. Sai dai da yawa sun mai da ita laya, suna cewa wanda ya karanta ta ba ruwansa da takunkumi, ba ruwansa da sabulu. Ga shi kuwa ran 1 ga Maris, 2020, kwana uku bayan an gano mutum na farko mai cutar a Legas, ita ce Lahadi ta fari a azumin Kirista na kwana arba'in, kuma karatun ranar a jadawalin da Lutheran da yawa na duniya ke bi shi ne Matiyu sura 4. A nan ne Iblis ya kai Yesu ƙololuwar Haikali ya ce ya diro, ya kuma kafa hujja da wannan Zabura 91 ɗin. Yesu ya ƙi, ya mayar masa da umarnin Maimaitawar Shari'a da ya hana gwada Allah. Babu wanda ya shirya haka don korona. Karatun ya daɗe ƙarnuka a wannan Lahadin. Amma wanda ya bi jadawali ya ji gargaɗin tun kafin ya san zai bukace shi, mai tsince-tsincen ayoyi kuwa bai taɓa kaiwa wurin ba.

Haka ran 19 ga Afrilu, Lahadin da ta bi Ista: Yahaya sura 20, almajirai sun kulle kansu a ɗaki don tsoro. Wannan ba sai an yi wa mutumin da ke cikin kulle dogon bayani ba.

Jadawali yana kuma tilasta wa mutum karanta abin da ba daɗi. A wani gida a Yelwan Tudu akwai tsohuwar da idonta ya yi rauni, jikarta ce ke mata karatu kowace safiya a bakin ƙofar ɗaki, kusa da bokiti mai famfo da aka ajiye don wanke hannu. Ranar da karatun ya faɗo kan Zabura 88, wadda kuka ce daga farko har ƙarshe, ba ta ma rufe da kalmar ta'aziyya ba, yarinyar ta kai rabi ta tsaya.

"Kaka, wannan babu daɗi. Mu koma ta jiya."

"Karanta, kishiya. Wanda ya rubuta ta ma ba daɗi yake ji ba, kuma Allah bai hana shi magana ba."

A ganina tsohuwar ta fi wasu masu wa'azi fahimta. Mutumin da aka rufe wa shago, ko wanda ɗan'uwansa ya rasu a Azare bai sami zuwa jana'iza ba, in kullum nasara da albarka kawai ake karanta masa, zai ɗauka baƙin cikinsa rashin bangaskiya ne. Zaburar kuka tana ba shi izinin faɗa wa Allah abin da ke ransa.

Lutheran suna da wani gado kuma a kan wannan batu. A watan Agusta 1527 annoba ta shiga Wittenberg, garin Luther. Sarki ya kwashe jami'a zuwa Jena, ya ce Luther ya bi su. Ya ƙi tafiya, alhali matarsa Katharina tana da ciki, gidansu ya koma wurin jinya. A shekarar ya rubuta wa wani fasto a Breslau, Johann Hess, doguwar wasiƙa kan ko ya halatta mutum ya guje wa annoba. Amsarsa kashi biyu ce. Wanda ke da alhakin wasu a wuyansa, fasto ko mai mulki ko likita ko uba, kada ya gudu ya bar su sai in akwai mai tsaya musu. Wanda ba shi da wannan alhaki kuwa gudu ba zunubi ba ne. Sannan ya juya kan masu cika baki, waɗanda ke ƙin magani suna shiga inda cutar take don nuna ƙarfin imani, ya ce gwada Allah suke yi, kuma in suka shafa wa wani ya mutu, alhakin jinin yana kansu. Ya ba da shawarar a turara gida, a sha magani, a ƙaurace wa wurin da ba a bukatar mutum, a fitar da maƙabarta bayan gari. Iliminsa na cuta na zamaninsa ne, yana zargin gurɓatacciyar iska har da aljanu, amma hukuncinsa bai tsufa ba. A 2020 wasiƙar ta zaga duniya, kowa yana yanko rabin da ya yi masa: masu son a buɗe majami'a suna cewa ai bai gudu ba, masu son a rufe suna cewa ai ya ce a ƙaurace. Ciwon tsince-tsince ɗin nan ne dai.

Musulmin Bauchi ba zai ji wannan baƙo ba. Ya san hadisin da ya hana shiga ƙasar da annoba ta sauka ko fita daga cikinta, ya san Sayyidina Umar ya juya daga hanyar Sham da ya ji labarin annoba, kuma azumin 2020 ya kama cikin kullen, da yawa a rediyo da waya suka saurari tafsiri. A Littafi Mai Tsarki ma, Littafin Firistoci sura 13 ya tsara keɓe mai alamar cutar fata kwana bakwai kafin a sake duba shi.

Ba duk abin ya tafi daidai ba. Karatu a gida bai maye gurbin Jibin Ubangiji ba, kuma wannan ya fi ciwo ga Lutheran, domin sun gaskata Almasihu yana nan da gaske cikin gurasa da ƙoƙon. A Amurka da Jamus an yi ta jayayya kan ko za a iya yin sa ta intanet. Baiko ya ragu, fastoci da masu bishara suka ji a jikinsu. Zumuntar Mata, wadda ita ce ke sanin gidan da ba a ɗora tukunya ba, ta daina haɗuwa daidai lokacin da aka fi bukatarta. Sannan wanda bai iya karatu ba, ba shi da jika, ba shi da babbar waya, sai rediyo. A nan ma Lutheran sun riga wasu: tun 1963 Tarayyarsu ta buɗe gidan rediyo a Addis Ababa mai watsa shiri da Hausa, har gwamnatin soja ta Habasha ta ƙwace shi a 1977, kuma ɗakin shirye-shiryen Muryar Bishara na Jos daga wannan aiki ya fito.

Akwai kuma masu rubuta bimbinin kansu. Wasu saƙonnin asuba na lokacin sun yi kyau, wasu kuwa jita-jitar kasuwa ce aka sa wa aya a sama: korona cutar masu kuɗi ce, zafin Arewa zai kashe ta, ga haɗin da ke warkarwa. Saƙon da mutum ke ji kafin ya wanke ido, da muryar wanda yake girmamawa, ya fi sanarwar ma'aikatar lafiya shiga rai. Bauchi kuwa ba ta rabu da annoba ba: shawara ta ɓulla a Alkaleri a 2019, amai da gudawa ya yi ɓarna a 2021, zazzaɓin Lassa yana dawowa kusan kowane rani. Ikilisiyar da likita ya kafa ba ta rasa ma'aikatan jinya a kan bencinta ba. Duk fasto da zai naɗi saƙo kan cuta, ya kira ɗaya daga cikinsu ta saurara tukuna kafin ya tura.