Falke Barmu: Maginin Yama da ya kai ginin ƙasa idon duniya

A shekarar 1986, kwamitin lambar yabo ta Aga Khan, ɗaya daga cikin manyan lambobin fasahar gine-gine a duniya, ya karrama wani masallacin Juma'a da ke ƙauyen Yama a jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar. Da ƙasa da itace aka gina shi. Wanda ya tsara shi, Alhaji Falke Barmu, manomi ne kuma magini, bai taɓa zama a ajin koyon zanen gini ba. Tarihinsa ya shafi kowane gari na ƙasar Hausa da ake rushe soro a kafa bulo.

Yadda aikin ya faro

A 1962 ne dattawan Yama suka yanke shawarar gina masallacin Juma'a, suka ɗora wa Falke nauyin aikin. Gayya aka yi: wasu suka kwaɓa ƙasa, wasu suka ɗebo ruwa, wasu suka kawo itace. Ginin farko bai da wani ado, ɗaki ne mai kusurwa huɗu wanda layukan ginshiƙai suka ɗauki rufinsa.

A 1975 Falke ya koma kan aikin nasa. Ya sake rufin da bakan gizo, wato lanƙwasassun bakuna da ke tasowa daga ginshiƙi su haɗu a sama, sannan ya ɗora tulluwa a tsakiya. Tsakanin 1978 da 1982 ya ƙara hasumiyoyi 4, ɗaya a kowace kusurwa, kuma babu wadda ta yi kama da 'yar'uwarta. Kowace tana da faɗi a gindi, tana tsukewa yayin da take hawa, da irin nata ado. A nan ne magini ya zama gwanin sassaƙa, domin da tafin hannu ya siffanta ƙasar tun tana ɗanya. Shekara 20 ke nan mutum ɗaya da gari ɗaya suna rainon gini ɗaya.

Gadon da ya tarar

Falke bai tsiro daga sama ba. A shekarun 1830, zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a na Zariya, wanda masana ke ɗauka a matsayin ƙololuwar ginin Hausa. Sana'ar tana da tsarinta: tubali, azarar giginya wadda gara ba ta cika ci ba, makuba don kare bango daga ruwa, zanko a saman soro, da Sarkin Magina mai sa ido a kan aiki. Katanga mai kauri tana riƙe sanyi da rana, ta saki ɗumi da dare, abin da rufin kwano ba ya yi.

Sai dai ginin ƙasa yana da sharaɗi guda: yaɓe da gyara kafin kowace damina. Idan aka yi sakaci, sakamakon na iya zama asarar rai. Ranar 11 ga Agusta, 2023, wani sashe na masallacin Zariya ya rufta ana sallar La'asar, aƙalla mutum 7 suka rasu. Sarkin Zazzau Ahmad Nuhu Bamalli ya bayyana cewa an ga tsagewa a bangon kwana ɗaya kafin aukuwar lamarin.

Darasin Dandaji

Wani masallacin da Falke ya tsara a garin Dandaji, shi ma a jihar Tawa, ya lalace har aka yi niyyar rushe shi. Masu tsara gine-gine biyu, Mariam Issoufou Kamara 'yar Nijar da Yasaman Esmaili 'yar Iran, suka kawo wata shawara: a gyara tsohon ya zama ɗakin karatu, a gina sabon masallaci kusa da shi da bulon jar ƙasa da aka matse da inji. An kammala cibiyar, mai suna Hikma, a 2018, kuma maginan gargajiya na cikin waɗanda suka yi aikin. Garin ya samu sabon masallaci, bai rasa tsohon ba.

Ina Kudancin Kano?

Daga Bebeji zuwa Kiru, Tudun Wada da Doguwa, har yanzu akwai zauruka da rumbuna da masallatan unguwa na ƙasa, akwai kuma tsofaffin da suka san sirrin bakan gizo. Amma matasa sun koma buga bulo, siminti kuma sai ƙara tsada yake yi, har mai ƙaramin ƙarfi ya rasa na da, bai samu na yanzu ba.

Saboda haka akwai tambayoyin da ya dace matasa su yi wa shugabannin ƙananan hukumomi da 'yan majalisarsu. Wa ke da lissafin tsofaffin gine-ginen yankin? Wa ke duba lafiyarsu kafin ruwa ya sauka? Me ya hana makarantun koyon sana'a ɗaukar tsofaffin magina su koyar? Me ya sa kwangilar aji ko ɗakin shan magani ba za ta gwada matsattsen bulon ƙasa ba, kuɗin ya tsaya a gari? Duk maginin da ya rasu bai bar almajiri ba, iliminsa ya bi shi kabari.