Abin Da Ya Sa Kifin Baga Da Na Yawuri Suka Zama Dangi

Ran kasuwar Wudil da ta wuce, wani Alhaji mai fataucin banda ya tare ni da tambaya. Ya ce, "Malam, ku da kuka yi makarantar aikin gona, warware mini wannan. Na sha sarin kifin Baga, na sha sarin na Yawuri. Tarwadar nan ita ce ta can, karfasa ma haka, giwan ruwa ma haka. Alhali babu kogin da ya tashi daga Tafkin Chadi ya faɗa Kwara. Yaya aka yi suka zama iri guda?" Ya ƙara da cewa ɗansa yana shirin haƙa tafkin kiwon kifi, yana so ya ji ko da damuwa a inda za a samo irin.

Na ce masa, "Alhaji, tambayoyin nan naka biyu amsarsu guda ce." Na ga kuma ya kamata in kawo ta wannan fili, domin masu kiwon kifi suna ta ƙaruwa.

Da farko mu duba yadda ruwan ƙasarmu ya rabu. Kogin Kano da na Challawa su ne suke haɗuwa su zama kogin Haɗeja, ya gangara ya shiga Komadugu Yobe, ya ƙare a Tafkin Chadi. Kogin Kaduna da gulbin Rima kuwa Kwara suke nufa, Kwara ta haɗu da Binuwai a Lokoja, su tafi teku. Watau gida biyu ke nan, kowanne da ƙofarsa. Kifi kuwa ba shi da fiffike. In ka same shi a gida biyu, to, an taɓa yin hanya tsakaninsu.

Hanyar kuwa an yi ta. Kimanin shekara 7,000 da suka wuce ruwan sama ya fi na yanzu yawa ƙwarai. Tafkin Chadi ya cika ya batse har faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 350,000, watau fiye da sulusin ƙasar Nijeriya. Ku gwada da na 1963, sa'ad da tafkin yake wajen 25,000, aka kuma ce ya cika. Doguwar jigawar rairayin nan da ta bi ta Maiduguri da Bama, ita ce tsohuwar gaɓarsa. A 1987 wani Bafillatani yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin Jihar Yobe, ya ci karo da kwalekwale wanda aka auna shekarunsa wajen 8,000. A Gobero kuma, tsakiyar hamadar Tenere ta ƙasar Nijar, inda yau babu ko ɗigon ruwa, an tono ƙasusuwan giwan ruwa da māsun ƙashi na sukar kifi.

Da tafkin ya cika, sai ya sami wurin zuba ta kudu maso yamma, ta wani kogi da ake kira Mayo Kebbi. Kada ku ɗauka Kabin Argungu ake nufi, wannan yana tsakanin Chadi da Kamaru ne, yana shiga Binuwai kusa da Garwa. Ta nan ruwan Chadi ya riƙa gangarawa Binuwai da Kwara, yana tafe da kifi da ƙwansa. Har wa yau in kogin Logone ya yi babbar ambaliya, wani sashen ruwansa yakan tsallaka fadamun Tupuri ya bi wannan tsohuwar hanya. Masana ƙasa sun ce kogin Gongola ma da can Chadi yake tafiya, daga baya ya karkata kudu wajen Nafada ya koma Binuwai. Kogi kuwa in ya sake gida, da kifinsa yake ƙaura.

Kun ji dalilin da ya sa tun daga kogin Sanagal, da Bolta ta Gana, da Kwara, da Chadi, har kogin Nilu, za ka tarad da tarwada, da kurungu, da tsage, da minjirya, da gaiwa, da yauni, da giwan ruwa.

To, amma kama da wane ba ta wane. Kowace halitta tana ɗauke da waɗansu 'yan ƙananan abubuwa a jikinta waɗanda ido ba ya gani, masana suna kiransu ƙwayoyin gado. Su ne suke sa ɗa ya ɗauko ubansa, su ne suka bambanta dawa ƙaura da farafara. Idan ruwa ya yanke tsakanin kifaye, kowane ɓangare sai ya riƙa hayayyafa a junansa. A hankali gadonsu yana rabuwa, kamar yadda Hausar Sakkwato ta bambanta da ta Kano ko da yake tushe guda ne. Yanzu akan yanki ɗan ƙaramin abu daga ƙegen kifi, a auna shi a ɗakin bincike, a gane wane ne ɗan'uwan wane, a kuma kimanta daɗewar rabuwarsu.

A 1997 an buga sakamakon wani awo irin wannan da aka yi wa karfasar Nilu, wadda ake kiwo ko'ina. Aka tarar ta kasu uku. Ta Sanagal da Bolta da Kwara da Chadi kashi guda ce. Ta tafkunan ƙasar Habasha kashi guda. Ta kogin Nilu da ta wajen Kenya kashi guda. Ashe abin da jigawar Bama ta nuna a ƙasa, shi ne jikin kifi ya nuna: Chadi da Kwara rabuwarsu ta kwanan nan ce, rabuwarsu da Nilu ta fi daɗewa.

Inda ruwa ya daɗe a keɓe, bambancin yakan kai har a sami sabon iri ɗungum. A kudancin Kamaru, kusa da garin Kumba, akwai wani ɗan tafki a kan tsohon dutse mai aman wuta, sunansa Barombi Mbo. Faɗinsa bai kai kilomita 3 ba, amma yana da dangin karfasa iri 11 waɗanda babu su ko'ina a duniya sai nan. Tafkin Chadi duk girmansa ba shi da irin wannan. Ya sha cika ya sha ƙafewa, in ya ƙafe kifinsa ya koma kogin Shari da Logone, in ya cika su dawo su cakuɗa.

Me wannan ya shafi manomi? Abu uku ne.

Na farko, yawan bambancin gado shi ne garkuwar kifi. Manomin da ya shuka gero da maiwa da dawa, in damina ta yanke ba ya tashi hannu banza. Haka kifin kogi yake: cikin dubu akwai mai jure zafi, akwai mai jure cuta, akwai mai saurin girma. Amma mai ƙyanƙyasar da yake ɗaukar namiji da mace daga haihuwar uwa guda, shekara da shekaru, yana rage wannan garkuwa da hannunsa. Bara na duba tafkin wani manomi da ya sayi 'ya'yan tarwada a irin wannan wuri. Wata biyar yana zuba abinci, kifin ya ƙi girma, da yawa bayansu a karkace. Kuɗin abincin ma bai fita ba. Saboda haka in za ku sayi iri, ku tambayi inda aka samo iyayen. Mai ƙyanƙyasa kuma ya riƙa aiki da iyaye masu yawa, yana sake su daga gida dabam dabam.

Na biyu, kada a saki kifin kiwo cikin kogi. Yawancin tarwadar da ake kiwo an daɗe ana zaɓenta don tafkin siminti, waɗansu ma haɗi ne na tarwada da ramboshi. In ta shiga kogi ta barbari ta gida, gadon da ya yi dubban shekaru yana daidaituwa da ruwanmu sai ya gurɓata. Baƙon iri ya fi wannan ɓarna. A shekarun 1950 aka zuba giwan ruwa a Tafkin Biktoriya na gabashin Afirka. Kafin ƙarshen shekarun 1980, daga cikin ƙananan dangin karfasa wajen iri 500 da ke tafkin, kimanin 200 sun ɓace. Don haka kafin damina ta sauka ku ɗaukaka gaɓar tafki, ku sa raga a magudanar ruwa. Ragowar 'ya'yan kifi a ba maƙwabci, kada a zuba a rafi.

Na uku, mu ma muna raba koguna. Madatsar Kainji ta 1968, da ta Tiga ta 1974, da ta Challawa ta 1992 sun kawo lantarki da noman rani, amma sun raba kifin sama da na ƙasa, na Tiga da Challawa sun kuma rage ambaliyar fadamar Haɗeja da Nguru inda kifi yake zuba ƙwai. Kifin da aka killace ya zama kaɗan, gadonsa ma kaɗan ne. Masunta su taimaka: a bar zuba guba a ruwa, a bar su da raga mai ƙananan ido, a ƙyale kifi ya hayayyafa da farkon damina. Sarkin ruwa na kowane gari ya sa ido a kan wannan.

Alhaji ya ce zai sa ɗansa ya je da kansa ya ga iyayen kifin kafin ya biya ko kwabo. Ku ma ku yi haka. Wanda yake da wata tambaya ya rubuto ta hannun Edita. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.