Nasiru na cikin jadawali, Musa ba ya ciki

A hutun da ya gabata, ɗiyar yayana mai karatu a lise ta shimfiɗa jadawalin sinadarai bisa tabarma, ta ce ƙannenta kowa ya nemo sunansa a ciki. Kafin isha'i gida ya rabu biyu: masu murna da masu kumbura baki.

Ƙa'idar wasan ɗaya ce. Jadawalin da Mendeleyev ya aza harsashinsa a 1869 yana ɗauke a yau da sinadarai 118, kowanne da alamarsa ta harafi ɗaya ko biyu. Za ka jera alamomin su ba da sunanka, ba ragi ba ƙari. Nasiru ya fita da uku: Na, Si, Ru. Binta ta samu Bi, N, Ta. Balaraba kuwa har da guɗa: Ba, La, Ra, Ba. Nura ya tarar da U a tsakiyar sunansa, wato uraniyom, ƙarfen da aka fara haƙowa a Arlit a 1971.

Musa da Isa suka tashi hannu rabbana, domin harafin A ba ya tsayawa shi kaɗai, kuma babu alamar Sa. Jamila ma ba ta shiga ba: jadawalin kaf babu J.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne tambayar Nasiru: me ya sa ake rubuta sodiyom da Na? Alamar ta fito daga sunansa na Latin, natriyum, ɗan'uwan kalmar Larabci naɗrun, wato kanwa, wadda uwarsa ke jefawa a miyar kuka. Haka K ta fotasiyom: tushenta ƙalyu, tokar tsirrai a Larabci. Yaron da ya ji wannan a gida da wuya ya manta ranar jarrabawa.

Mahaifinmu, da ya ga ana rubuta lambobi ƙarƙashin haruffa, ya tambaya ko hisabi aka shigo masa da shi. Tambayar tana bisa hanya, domin a abajada ma alif 1 ne, ba 2. Sai dai 92 ta uraniyom adadin furoton ne da ke cikin ƙwayar zarrarsa, ba ta faɗin kome game da rabon Nura ko halinsa. Ya gyaɗa kai, sannan ya ce a gwada masa Yusuf. Ya fita sarai: Y, U, S, U, F.