Ɗakin Katako a Ƙasar Sanyi

A ƙasar Kanada, in hunturu ya kama, ruwa kan daskare. Kafinta mai aiki cikin ɗakin katako tilas ne ya tsare ɗumin ɗakin, in ba haka ba yatsunsa su sandare, gam kuma ya ƙi kamawa.

Ga dabararsa. Yakan yi bango biyu, ya cusa wata irin auduga ta zaren gilashi a tsakaninsu. Iskar da ta maƙale cikin zaren ba ta motsi, ita ce ke hana ɗumi fita, kamar yadda bargo ke yi muku da dare. Kafin ya rufe bangon ciki sai ya shimfiɗa leda bisa audugar, gama in danshi ya shige ta, amfaninta ya ragu, katakon kuma ya ruɓe.