Kwamfutar Gwanjo: Ku Daidaita Ta Kafin Ku Ba Ta Littafin Ƙungiya

Manomi ba ya sayen fartanya a kasuwa ya wuce da ita gona kai tsaye. Sai ya duba ƙotar tukuna, ya rage ta ko ya sake ta, har ta zauna daidai hannunsa. Amma mun lura mutane da yawa su kan sayo kwamfuta yau, gobe su zuba mata dukan littafin ƙungiya, ba su ko tambaya ko an daidaita ta domin ƙasarmu ba.

Yawancin kwamfutocin da mu ke gani a ofisoshin ƙungiyoyin manoma da ƙananan asibitocin karkara da makarantu na gwanjo ne, watau waɗanda 'yan kasuwa ke kira tokumbo. Sun yi aiki a Amurka ko Turai kafin su sauka Legas, daga can su hau mota zuwa Kano ko Jos ko Kaduna. Sayensu ba laifi ba ne, da yawansu suna da ƙarfi ƙwarai. Sai dai ko mai shago ya wanke kwamfutar ya sa mata sabon Windows, sau da yawa ya kan bar ta a kan lissafin Amurka. Wannan ɗan abu kuwa ya kusa raba wata ƙungiya a gaban idonmu.

Kwanan wata da ya juye

A kakar 2024 muka ziyarci wata ƙungiya da ta ba membobinta bashin taki a watan Yuni, a kan su biya bayan girbi. Magatakardansu saurayi ne mai himma. Duk wanda ya biya, sai ya ba shi rasit, ya kuma shigar da sunansa da kwanan wata a cikin Excel. Da ranar babban taro ta matso, ya ɗauki fayil ɗin a filashi ya kai wani shagon buga takardu a gari. Aka buga, ya dawo, aka manna a bango.

Wani dattijo da ya biya ran 5 ga Nuwamba ya sa jikansa ya karanta masa. Takarda ta ce 11/05/2024, watau 11 ga Mayu. Dattijo ya miƙe ya ce, yaya mutum zai biya bashin taki tun ba a raba takin ba? Aka duba, aka ga waɗansu kwanakin daidai su ke, waɗansu sun juye. Nan da nan aka fara gunaguni cewa an sa hannu a littafin. Yaron nan har hawaye ya yi, ga shi bai taɓa ko kwabo ba.

Ga abin da ya faru. Mu mu kan fara rubuta rana, sa'an nan wata. Mutanen Amurka kuwa wata su ke farawa da shi. Sa'ad da magatakarda ya rubuta 05/11/2024, kwamfutarsa ta ɗauka wata na biyar ne, rana ta goma sha ɗaya. Ba ta ce masa kome ba, gama a fuskarta lambobin sun tsaya a jeren da ya rubuta su. Kwamfutar shagon kuwa an daidaita ta irin namu, sai ta fito da abin da ke ciki a fili. Waɗanda suka biya daga ran 13 zuwa sama nasu bai juye ba, domin babu wata na goma sha uku, sai kwamfutar ta bar su kamar rubutu kawai. Shi ya sa rabin takarda ya yi daidai, rabi ya ɓaci.

Gwajin ba wuya. Ku buɗe Excel, ku rubuta 13/01/2025 a gida ɗaya, ku danna Enter. In ya koma gefen dama na gidan, kwamfutarku ta gane kwanan wata ne. In ya manne a gefen hagu, har yanzu tana Amurka. Ku shiga wurin saiti, inda aka rubuta "Time & language", ku nemi "Regional format" ku zaɓi na Nijeriya. A can kuma ku gyara agogo ya zama na "West Central Africa". Wannan lokaci ɗaya ne da na Nijar da Kamaru da Cadi. Mutanen Ghana suna bayanmu da awa ɗaya.

Ku lura da kyau: gyaran nan ba ya warkar da kwanakin da aka riga aka shigar. Tilas a zauna da littafin rasit a bi su ɗaya ɗaya. Haka muka yi a ƙungiyar nan, da ma'aji da dattawa biyu, har bayan magariba. Da ba domin rasit na takarda ba, da ba mu san abin da zai wanke yaron ba.

In kuma agogon kwamfuta yana komawa wata tsohuwar shekara duk sa'ad da aka kunna ta, wani ɗan batir ne mai kama da kwabo a cikinta ya mutu. Mai gyara zai canza shi, ba shi da tsada. Takarda ma ku duba. Ta kasuwanninmu A4 ce, tsawonta milimita 297, ta Amurka kuwa 279 ce, ta kuma ɗan fi faɗi. Ku zaɓi A4 a cikin Word tun kafin ku fara rubutu.

Sifili mai ɓacewa

Wannan ya fi na farko yawan aukuwa. Lambar waya a Nijeriya guda goma sha ɗaya ce, da sifili ta ke farawa. Lambar asusun banki guda goma ce, waɗansu kuma da sifili su ke farawa. To, Excel ya kan ɗauki kowace lamba abin lissafi ce, a lissafi kuwa sifilin farko ba shi da amfani, sai ya yar da shi. Lamba goma ta koma tara. A aika jerin sunaye domin tallafi ko biyan kuɗin amfanin gona, banki ya komo da shi, mai asusun yana gida yana jira, bai san dalili ba.

Maganinsa, kafin ku rubuta ko lamba ɗaya, ku zaɓi dukan layin tsaye da za a sa lambobin, ku mai da shi "Text". Ko kuwa ku fara da alamar nan ' sa'an nan ku rubuta lambar. Alamar ba za ta fito a takarda ba, sifilin kuwa zai tsaya. In sifilin ya riga ya tafi, mai da layin "Text" ba zai komo da shi ba, sai an sake rubutawa. Lambar NIN da ta BVN, kowacce guda goma sha ɗaya, su ma haka za ku yi musu. Ba tara su za a yi ba, ba kuma rabawa ba.

Haruffanmu masu ƙugiya

A zamanin tafireta, in an gama bugu sai a ɗauki biro a bi takarda ana sa wa ɓ da ɗ da ƙ ƙugiyarsu da hannu. Yau ba sai an yi wannan wahala ba, amma duk da haka yawancin takardun da ke zuwa mana babu ƙugiya ko ɗaya. Waɗansu su kan ce ai mai karatu zai gane. Wanda ya saba zai gane, amma wanda ya fito ajin yaƙi da jahilci jiya fa? Mun taɓa ganin takardar haɗa abincin kaji da ta ce a zuba garin kashi, alhali garin ƙashi a ke nufi. An yi dariya, amma mai takardar bai ji daɗi ba.

Windows yana da jerin haruffan Hausa a cikinsa, ba sai an saya ba. A wurin saitin harshe ku nemi "Add a keyboard", ku zaɓi Hausa. Daga nan ku riƙe maɓallin Alt na hannun dama ku danna b, sai ɓ ta fito. Haka d ta ba ku ɗ, k ta ba ku ƙ, y ta ba ku ƴ irin wadda 'yan'uwanmu na Nijar ke rubutawa inda mu mu ke sa 'y. In babban harafi ku ke so, ku haɗa da Shift. Riƙe maɓallin Windows da danna dogon maɓallin nan na ƙasa shi ke sauya ku daga Hausa zuwa Turanci, ya kuma komo da ku.

In kwamfutar ba taku ba ce, ba ku so ku taɓa saitinta, akwai wata hanya a cikin Word. Ku rubuta 0253 ku danna Alt da X tare, lambar za ta rikiɗe ta zama ɓ. Ta ɗ ita ce 0257, ta ƙ kuwa 0199. Manyansu su ne 0181 da 018A da 0198. Ku ba da fili kafin lambar, in harafin ya fito ku share filin, domin kada Word ya haɗa ta da harafin da ke gabanta. Mu dai mun rubuta lambobin nan a ɗan kati mun manna a jikin tebur.

Wani lokaci harafin ya kan fito kamar ɗan akwati. Ba ɓacewa ya yi ba, salon rubutun da aka zaɓa ne ba shi da shi. Ku koma Arial ko Times New Roman. Masu shirya littattafan koyon karatu kuma su nemi Andika, wanda ƙungiyar SIL ta yi musamman domin sababbin masu karatu, kyauta ne.

Abu ɗaya za mu ja kunne a kai. A wurin kwamfuta, Ɗanladi da Danladi mutum biyu ne. In kun nemi ɗaya da Ctrl da F, mai yiwuwa ne ɗayan ba zai fito ba. Saboda haka ku tsai da hanya ɗaya. Shawararmu, sunan da za a kai banki a rubuta shi daidai yadda ya ke a katin mai shi, wasiƙu da rahoton taro kuwa a ba su ƙugiyarsu.

In kuna danna wani harafi wani dabam yana fitowa, kada ku ce kwamfuta ta lalace. Na Faransa da Beljiyam sun sauya wa A da Q wuri, na Jamus sun sauya Y da Z, na Ingila da na Amurka kuma sun bambanta wajen alamar @. A wurin saitin nan dai za a gaya mata irin wanda ke jikinta.

Ƙura, wuta da filashi

Na ƙura kowa ya sani. Da hunturu ku rufe ta da zane bayan ta huce. Kada ku ɗora ta a kan katifa tana aiki, gama ta ƙasa ta ke shan iska. Kada a ci abinci a kanta, tururuwa da kyankyasai za su bi ɓarɓashin. In za a tayar da janareto ku zare caja, sai wuta ta zauna ku mayar. In hadari ya taso da tsawa, ku zare kome. Kafin ku sa ta a jaka ku hau babur, ku kashe ta sarai. Rufe murfi kawai ba kashewa ba ne, tsofaffin kuwa suna da faifai mai juyawa a ciki wanda ba ya jure gargada.

Filashi ne ƙofar da cuta ta fi shigowa. Wanda ya shiga kwamfutoci goma a shago ya komo, sau da yawa sai ku ga foldoji sun zama waɗansu alamu masu 'yar kibiya. Kada ku danna su, kada kuma ku yarda a wanke filashin. Yawanci fayilolin suna nan, ɓoye su aka yi, wanda ya san aikin zai fito da su. Abin da ya fi, ku keɓe filashi ɗaya domin zuwa shago, ku kuma mai da takardar PDF kafin ku kai. PDF ba ya canzawa a kwamfutar wani, ko kwanan wata, ko ƙugiya, ko tsarin shafi.

Yara da ƙanne za su so kallon fim, ba kuwa za ku iya hana su kullum ba. Ku buɗe musu nasu asusun dabam a cikin kwamfutar, wanda ba shi da ikon sa sabon abu, naku kuma ku sa masa kalmar sirri. In za ku tashi, maɓallin Windows da L ya kulle ta. Masu jona ta da intanet ɗin waya su kunna "Metered connection", in ba haka ba ta kan shanye data a dare ɗaya. Ctrl da S kuwa, ku mai da shi kamar ƙifta ido.

Masu shirin saye su san wannan: tun ran 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 yadda ya saba. Kwamfutar za ta ci gaba da aiki, amma tsaronta na raguwa in tana shiga intanet. Tsofaffin injuna da yawa kuwa ba su ɗaukar Windows 11. Ku tambayi mai shago tun kuɗinku na aljihu. In wadda ku ke da ita ba ta ɗauka, kada ku yar. Linux Mint da LibreOffice kyauta ne, suna kuma tafiya lafiya a kan tsohon inji, sai dai a sami wanda zai zauna da ku kwana biyu ku saba.

Game da littafin kansa, ga yadda ƙungiyar nan ta tsara bayan rigimar. Kowace Asabar magatakarda ya kan kwafe fayil ɗin a filashi na biyu, wanda ba ya zuwa shago, ya kai gidan ma'aji. Ba a ajiye shi a jakar kwamfutar, gama ɓarawon da ya ɗauki jaka ya ɗauki duka biyun. Ƙarshen kowane wata kuma a buga shafin kuɗi a takarda, shugaba da ma'aji su gwada shi da rasit, su sa hannu, a huda a ɗaure a fayil. Kwanan wata kuwa yanzu sun sa yana fitowa da sunan watan a rubuce. Dattijon nan da kansa ya roƙi a yi haka.