Zaɓen Na'urar Sanyaya Ɗaki Mai Sauƙin Kuɗi a Ƙasar Yauri

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa yin bazara a Yelwa ya san cewa zafin watannin Maris da Afrilu ba abin wasa ba ne. Garin yana kwance ne a kwarin kogin Kwara, kuma a wannan lokaci ma'aunin zafi yakan haura digiri 40 da rana tsaka. Haka abin yake a Shanga da Ngaski da Wara da sauran garuruwan bakin tafkin Kainji. Saboda haka ba abin mamaki ba ne a ga makarantu da asibitoci da masallatai da magidanta suna neman na'urar sanyaya ɗaki, wadda aka fi sani da esi, musamman irin mai kashi biyu, wato wadda ake maƙala rabinta a bangon ɗaki, ɗaya rabin kuma a waje.

Mai saye yakan isa shago ne da tambaya ɗaya, wato "Wacce ta fi araha?" Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa kuɗin da aka biya ranar ciniki somin taɓi ne. Sauran kuɗin yana cikin wutar da na'urar za ta sha, da gyaran da za ta nema, da tsawon shekarun da za ta yi. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Ilimin kimiyya kuwa yana ba mu hanyar auna wannan magana da alƙaluma.

Yadda Na'urar Take Aiki

Abu na farko da ya kamata ɗalibi ya fahimta shi ne, na'urar ba ta ƙirƙirar sanyi. Aikinta shi ne kwashe zafi daga cikin ɗaki ta zubar da shi waje. Asalin dabarar sananniya ce a kowane gida. Ruwan randa yana sanyi ne domin wani ɓangare nasa yana tsattsafowa ta jikin yumɓu, ya zama tururi ya bi iska. Duk ruwan da zai zama tururi kuwa sai ya zuƙi zafi daga abin da ke kusa da shi. Da wannan ka'ida ce Malam Mohammed Bah Abba ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya don adana kayan lambu, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000.

Na'urar sanyaya ɗaki ba ta amfani da ruwa, tana amfani ne da wani sinadari da masu gyara ke kira gas. Ruwa yana tafasa a digiri 100, amma gas ɗin R22 yana tafasa a wajen digiri 41 ƙasa da sifili, R32 kuma a wajen digiri 52 ƙasa da sifili. A cikin bututun ɓangaren da ke ɗaki, sinadarin yakan tafasa ya zama tururi, sai ya zuƙe zafin iskar da fanka ke turowa. Daga nan kwamfireso, wanda ke ɓangaren waje, ya matse tururin har ya fi iskar waje zafi. Fankar waje ta busa shi, ya saki zafinsa, ya koma ruwa, ya sake komawa ɗaki. Haka zai yi ta zagayawa. Wani injiniya ɗan Amurka, Willis Carrier, shi ya ƙera na'urar zamani ta farko a shekarar 1902, kuma ya yi ta ne don rage laimar iska a wata maɗaba'a da ke birnin Niyok.

Shin Ana Bukatar Mai Ɗumama Ɗaki?

Wasu na'urorin suna da bawul da ke juya tafiyar gas, ta yadda za su kwaso zafi daga waje su zuba a ɗaki. Irin waɗannan suna sanyayawa da bazara, su ɗumama da lokacin sanyi. Suna da amfani ƙwarai a Turai da Japan da Sin, inda ƙanƙara ke sauka. A ƙasar Yauri kuwa, sanyin hunturu na Disamba da Janairu bai wuce na dare da asuba ba, bargo da rufe taga sun isa maganinsa. Biyan ƙarin kuɗi don wannan bawul ɓarna ce, ga shi kuma ƙarin abin lalacewa ne. Mai sanyayawa kawai ita ta dace da mu.

Mataki na Ɗaya: A Auna Ɗakin

A kasuwa ana sayar da na'urar ne da ƙarfin doki. Amma ma'aunin da ya fi inganci shi ne wanda aka rubuta a jikinta da haruffan BTU, wanda ke nuna yawan zafin da za ta iya kwashewa cikin awa ɗaya. Mai doki ɗaya takan kwashe kimanin BTU 9,000, mai doki ɗaya da rabi 12,000, mai doki biyu kuma 18,000.

Wani ƙiyasi mai sauƙi shi ne a ba kowace murabba'in mita ɗaya ta daɓen ɗaki kimanin BTU 600. Alal misali, ɗaki mai tsawon mita 4 da faɗin mita 3.5 yana da murabba'in mita 14. Idan aka ninka 14 sau 600 za a sami 8,400, ke nan mai doki ɗaya ta wadatar. Sai dai dole a ƙara idan rufin kwano ne ba silin, ko bangon yana fuskantar yamma, ko mutane suna da yawa. Jikin mutum ɗaya da ke zaune yana fitar da zafi kimanin wat 100. Saboda haka ɗakin kwamfuta na makaranta mai ɗalibai 40 yana samun zafin wat 4,000 daga jikunansu kaɗai, kafin a lissafa na kwamfutoci da na rana. Na'ura mai doki ɗaya kuwa wat 2,640 kacal take iya kwashewa. Shugaban makarantar da ya saya wa irin wannan ɗaki ƙaramar na'ura guda don tsimi, ya yi asarar kuɗinsa ne, domin za ta yi ta aiki ba hutawa, ɗakin bai yi sanyi ba.

Wadda ta yi wa ɗaki girma ita ma tana da illa. Takan sanyaya iska da sauri ta tsaya, tun kafin ta tsotse laimar da ke cikinta. Wannan yana da muhimmanci a garuruwan bakin ruwa, inda gumin damina ya fi zafin kansa damun mutane.

Mataki na Biyu: A Dubi Wutar da Ake da Ita

An kammala madatsar ruwa ta Kainji a shekarar 1968, aka kafa mata injina takwas masu ƙarfin megawat 760. Dubban mutanen ƙasar Yauri da Borgu ne suka bar gidajensu da gonakinsu domin tafkin ya samu wuri. Duk da haka, kusanci da madatsa bai zama tabbacin samun tsayayyar wuta ba, domin abin da Kainji ta samar yana shiga babban layin ƙasa ne, sannan a raba. Kamfanin rarraba wuta na Kaduna ne ke kula da jihohin Kabi da Sakkwato da Zamfara da Kaduna. Ɗaukewar wuta da rashin ƙarfinta abubuwa ne da kowa ya sani, kuma su ne manyan masu kashe kwamfireso.

A nan ne bambancin nau'o'i biyu na na'urar yake fitowa. Nau'in gargajiya yana da gudu ɗaya tak. Kwamfireso ya tashi da dukan ƙarfinsa, ɗaki ya yi sanyi ya tsaya, ya ɗumama ya sake tashi. A duk tashi yakan fizgi wuta ninki uku ko fiye na abin da yake sha yana tafiya. Shi ya sa fitilu ke dusashewa, ƙaramin janareta kuma ya shaƙe ya mutu. Nau'i na biyu shi ne mai inbata, wanda kamfanin Toshiba na Japan ya fara fitarwa don gidaje a 1981. Shi kwamfiresonsa yakan tashi a hankali, ya kuma rage gudu idan ɗaki ya yi sanyi maimakon ya tsaya. Ga mai dogara da janareta ko hasken rana, wannan ne zaɓin da ya fi. Amma yana da nasa rauni. Allon lantarkin da ke sarrafa shi yana da tsada, yana tsoron hauhawar wuta da tsawa, kuma ba kowane mai gyara ne ya iya shi ba.

Wutar Nijeriya bolt 230 ce. A duba jikin na'urar a ga mafi ƙarancin bolt da za ta iya aiki da shi, a kuma sa kuɗin sitabilaiza cikin lissafi tun farko. Masu sayen ta hannu su yi hattara, domin wasu da aka yi don gidajen Japan na bolt 100 ne, wasu na Amurka kuma na bolt 115.

Mataki na Uku: A Yi Lissafin Cin Wuta

A jikin kowace na'ura akwai lambobi biyu, wato zafin da take kwashewa da wutar da take sha. Idan aka raba na farko da na biyu, za a sami ma'aunin ƙwazonta. Mu ƙaddara ga na'urori biyu masu doki ɗaya, kowacce tana kwashe wat 2,640. Ta farko, mai araha, tana shan wat 950, ƙwazonta ya kama 2.8. Ta biyu tana shan wat 750, nata ya kama 3.5. Bambancinsu wat 200 ne. Idan ana kunna su awa 8 kullum, bambancin ya zama yunit 1.6 a rana, yunit 48 a wata. A farashin naira 225 kowane yunit, wanda hukumar kula da wutar lantarki ta yanke wa rukunin A a watan Afrilun 2024, wannan ya kama naira 10,800 a wata, ko naira 86,400 cikin wata takwas. Mai karatu sai ya sa farashin da ke kan takardar wutarsa ya gwada. Wanda ke ƙona fetur a janareta kuwa, yunit ɗinsa ya fi haka tsada nesa ba kusa ba. Da wannan lissafi ne za a san cikin shekara nawa mai tsadar za ta mayar da rarar kuɗinta.

Har ila yau, a nemi alamar T1 ko T3. Mai T1 an gwada ƙarfinta ne a zafin waje na digiri 35, mai T3 kuwa a digiri 46. Ga bazarar Yelwa, T3 ce ta fi dacewa, domin ƙarfin kowace na'ura yana raguwa yayin da iskar waje ta ƙara zafi.

Mataki na Huɗu: Irin Gas

Gas ɗin R22 yana lalata shimfiɗar ozon da ke kare mu daga hasken rana mai cutarwa. A ƙarƙashin yarjejeniyar Montiriyal ta 1987 da gyare-gyarenta, ƙasashe masu tasowa za su daina amfani da irinsa nan da 2030. Wanda ya sayi tsohuwar na'ura mai R22 yau, zai tarar gas ɗinta yana ƙara wuya da tsada. R410A ba ya taɓa ozon, amma yana ɗumama duniya fiye da iskar kabon sau dubu biyu, shi ya sa gyaran Kigali na 2016 ya tanadi rage shi. R32 ya fi shi sauƙi, da kimanin sau 675. R290 ya fi su duka, sai dai yana kama wuta, don haka sai ƙwararre ne zai taɓa shi. Kada a yarda mai gyara ya zuba wani gas daban da wanda aka rubuta a jikin na'ura.

Mataki na Biyar: Kafawa da Kulawa

Na'ura mai kyau takan lalace a hannun mai kafawa marar sani. A tabbata bututun na jan ƙarfe ne, gajere, an kuma naɗe shi da soso. A tabbata an zuƙe iska da laima daga cikinsa da famfon zuƙa kafin a saki gas. A ajiye ɓangaren waje a inuwa, inda iska ke ratsawa, ba a bangon yamma ba. A ja mata wayarta ta daban mai kauri, da waya mai shiga ƙasa. Gas ba ya ƙarewa kamar fetur. Idan ya ragu, to akwai inda yake yoyo, kuma a toshe wurin kafin a ƙara wani. Da hunturu a riƙa wanke rariyar iska duk mako biyu, domin ƙura tana shaƙe ta. Kafin a biya kuɗi, a karɓi takardar garanti, a kuma bincika ko ana samun kayan gyaranta a Yelwa, ko sai an je Kwantagora ko Birnin Kabi ko Kaduna.

Kammalawa

A taƙaice, zaɓe nagari yana bin wannan tsari: girman ɗaki, irin wuta, ƙwazo, gas, sannan farashi. Kafin duk wannan ma, silin mai kyau da farin fenti a kan kwano da itacen darbejiya a yammacin ɗaki suna rage zafin da na'urar za ta yi fama da shi. Saita ta a digiri 25 tare da kunna fanka ya fi saita ta a 16 sauƙin wuta.

Muna ba malaman kimiyya shawara su mayar da wannan darasi aikin aji. Ɗalibai su auna ajinsu ko ɗakin karatu, su ƙidaya mutanen da ke zama ciki, su kwafo lambobin jikin na'urori biyu daga wani shago a gari, sannan su lissafa wadda za ta fi sauƙi bayan shekara biyar. Ɗalibin da ya iya wannan lissafi zai iya tsare wa iyayensa da makarantarsa kuɗi masu yawa.