Bashin Gyara da Ke Manne wa Gida a New York

A birnin New York na Amurka, daga 1 ga Oktoba zuwa 31 ga Mayu, doka ta wajabta wa mai gidan haya ya ɗumama ɗakunan 'yan hayarsa. Idan injin ɗumama ya mutu ana tsakiyar hunturu, ko rufi ya rufta, mai gida kuma ya yi kunnen uwar shegu, hukumar kula da gidaje ta birnin, HPD, kan tura ɗan kwangila ya yi gyaran. Daga nan ma'aikatar kuɗi ta birnin ta aika masa da takardar biya.

In bai biya ba, sai a ɗora kuɗin a kan gidan kansa, a rubuta a rajista tamkar harajin da ake bin ginin, kuɗin ruwa na hawa. Hikimar tsarin ke nan. Manyan masu gidajen haya sun ƙware wajen fakewa bayan kamfanoni na takarda, yau wannan suna, gobe wancan. Amma gini ba ya gudu. Duk wanda ya zo saye zai tarar da bashin na jiransa, banki ma ba zai ba da rance ba sai an share shi.

Inda gizo ke saƙar shi ne, tun 1996, zamanin magajin gari Rudolph Giuliani, birnin ya fara sayar da basussukan da ke kan gidaje ga wani asusun masu zuba jari, wanda ke da ikon kai gida gwanjo. Attajiri kan biya ya wuce. Dattijuwar da ta gaji ɗan ƙaramin gida a Brooklyn, tana zaune da kuɗin fansho, ita ce ke iya rasa matsuguni, kuma masu suka sun daɗe suna kukan cewa unguwannin baƙar fata ne suka fi shan wahalar.

Kan batun gwanjon gida saboda bashin hukuma, a 2023 Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar Tyler da wata gunduma mai suna Hennepin, ta taka wa hukumomi birki. Gundumar ta sayar da gidan wata tsohuwa mai suna Tyler kan dala 40,000 saboda bashin haraji na dala 15,000, ta riƙe ragowar. Alƙalai tara duka suka ce rarar ta mai gida ce. Haƙƙin hukuma ne ta karɓi abin da ta kashe wajen kare ran ɗan haya, amma ko sisi ba ta da shi fiye da haka.